Mu San Asalin Kalmomin da Muke Sujada da Su

 Gaisuwa ta musamman ga ƙananan ikilisiyoyinmu na ƙasar Gwiwa, da Roni, da Kazaure, da Babura, inda a wani wurin masu bi ba sa cika benci biyar ranar Lahadi, amma duk da haka ba su fasa taruwa ba. Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi.

Maganar da muke so mu kawo a wannan fitowa ta kalmomi ce. Kowace Lahadi muna cewa Amin, muna cewa Halleluya, muna zancen baftisma da bishara da ikilisiya. 'Yan'uwanmu na Katolika kuma suna da Mas da Yukaris da sakramenti da katikis. To, idan aka tsayar da ɗayanmu a ƙofar majami'a aka ce ya faɗi ma'anar waɗannan kalmomi da inda suka fito, zai iya? Ra'ayinmu shi ne, rashin sanin nan ba ƙaramin abu ba ne, gama yana raba mu da juna, yana kuma barin 'ya'yanmu ba amsa a bakinsu sa'ad da aka tambaye su a makaranta ko a kasuwa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

A Sabon Garin Kano ko a Jos, ɗan Katolika da ɗan ECWA suna iya shekara ba wanda ya nemi wani. Mu a nan ba mu da wannan wadata. Idan an yi rasuwa, tare muke haƙa kabari. Idan saurayi yana neman mai bi ya aura, sau da yawa sai ya duba wata ɗarika, domin 'yan matan tasu ikilisiya ba su da yawa. A irin wannan zama, kalma ɗaya da ba a gane ba tana iya hana aure, ko ta sa wani ya ƙi shiga taron addu'a na haɗin gwiwa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Yadda kalmomin suka iso gare mu

Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, sai 'yan wurare kaɗan da Aramiyanci, kamar a littafin Daniyel da na Ezra. Sabon Alkawari kuwa da Helenanci ne. Daga baya ikilisiyar yamma ta koma yin sujada da Latin, Jerom kuma ya yi fassararsa ta Latin wajen shekara ta 400. Saboda haka kalmominmu daga rijiya huɗu aka ɗebo su: Ibrananci, Helenanci, Latin, da kuma Larabci wanda ya riga ya zauna cikin Hausa tun kafin mishan su zo.

Wanda ya fara juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa shi ne James Frederick Schön na CMS, wanda ya biyo Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. A 1857 ya fitar da Bisharar Matiyu. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, gama ya sami taimakon Dorugu, wani saurayi Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, wato can hayin iyaka arewa da Babura, wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Daga baya Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya yi aiki tare da wasu masu fassara har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Sabuwar fassara ta biyo baya a 1979.

Waɗannan mutane sun tarar da Hausawa suna da kalmomi irin su addu'a, sujada, tuba, annabi, mala'ika, zunubi, gafara, Attaura, Zabura da Linjila. Ba su zubar da su ba. Sun ɗauke su, inda kuma ba su sami kalma ba, suka aro ta Helenanci suka lanƙwasa ta ta dace da bakin Bahaushe, kamar baftisma da ikilisiya. Wannan hikima ce, mu kuwa magadanta ne.

Sunan Allah

Bari mu fara da babba. A 'yan shekarun nan muna jin wasu masu wa'azi, galibi baƙi da suka zo taron farkawa, suna cewa bai kamata Kirista ya ce Allah ba, wai sunan na wani addini ne. Wasu matasanmu sun ɗauka, har suna jin nauyin furta shi cikin addu'a, sai su sa kalmar Turanci a wurinsa.

Ga abin da ya kamata mu sani. Kalmar Allah 'yar'uwar kalmar Ibrananci ce, Eloha da Elohim, da kuma ta Aramiyanci, Alaha, wato harshen da Ubangijinmu ya yi magana da shi a Galili. Kiristocin Masar da Labanan da Siriya da Iraki da Falasɗinu da wannan suna suke addu'a. Akwai rubuce-rubucen Sabon Alkawari da Larabci tun ƙarni na 9 masu ɗauke da shi, haka ma fassarar Larabci ta Van Dyck ta 1865. A tsibirin Malta, inda jirgin Bulus ya farfashe bisa ga Ayyukan Manzanni sura 28, mutanen yawancinsu Katolika ne, a harshensu kuwa Alla suke cewa. A ƙasar Malesiya ma, jaridar Katolika mai suna Herald ce ta je kotu tana neman haƙƙin rubuta wannan suna. Ta yi nasara a 2009, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Abin da wasu masu bi suka sha wahala a kotu domin su riƙe, mu kuma mu yar da shi da hannunmu?

Manzannin kansu ba su ƙirƙiro sabon suna ba. Kalmar Helenanci Teyos, wadda take cikin Sabon Alkawari daga farko har ƙarshe, Helenawa suna kiran allolinsu da ita tun dā. Bulus ya yi amfani da ita a Atina, sa'an nan ya bayyana musu wane ne yake nufi. Yarbawa masu bi suna cewa Olorun, Ibo suna cewa Chukwu, sunayen da kakanninsu suka sani. Tarayya cikin kalma ba ta nufin mun zama ɗaya da maƙwabtanmu Musulmi cikin koyarwa. Su sun san mun bambanta a kan ko wane ne Yesu, mu ma mun sani. Amma kalmar ita ce ƙofar da muke iya yin magana da juna ta cikinta cikin mutunci. Wanda ya toshe ƙofar nan, da wane baki zai yi shaida a Gwiwa?

Ubangiji kuwa Hausa ce tsantsa, uba da giji, wato uban gida, mai gida da abin da yake cikinsa duka. Da ita aka fassara sunan nan mai tsarki na haruffa huɗu na Ibrananci, wanda Yahudawa ba sa furtawa saboda girmamawa, da kuma Kiriyos na Helenanci. Duk sa'ad da muka kira Yesu Ubangiji, muna cewa mu 'yan gidansa ne, ba mu da ikon kanmu.

Yesu, Almasihu, Kirista, Nasara

Yesu daga Yeshuwa ne, gajeren Yehoshuwa, wato Joshuwa, ma'anarsa Ubangiji yana ceto. Matiyu 1:21 ya bayyana dalilin sunan. Almasihu ba sunan mahaifi ba ne, sarauta ce. Asalinsa Mashiya na Ibrananci, wato shafaffe, wanda aka zuba wa mai a ka domin a keɓe shi, kamar yadda Sama'ila ya yi wa Dawuda. Helenawa suka fassara shi Kiristos, Larabawa suka ce Almasihu. Fassarar 1932 ta yi amfani da Kristi, ta 1979 ta yi amfani da Almasihu. Saboda haka tsohon da ya saba da Kristi da yaron da ya tashi da Almasihu abu ɗaya suke faɗa, ba abin gardama. Shi ya sa muke da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, muna kuma da Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, suna biyu daga tushe ɗaya.

A Antakiya aka fara kiran almajirai Kirista, kamar yadda Ayyukan Manzanni 11:26 ya nuna. Wani sunan kuma shi ne Nasara, wanda ya fito daga garin Nazarat. A Ayyukan Manzanni 24:5 masu ƙarar Bulus sun kira masu bi da sunan da ya fito daga garin nan, Larabci ya riƙe shi, Hausa ta karɓa. Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903, sai kalmar ta koma nufin Bature, har ana cewa zamanin Nasara. Daga nan ne aka fara ɗauka cewa bangaskiyarmu kayan Turawa ce. Ya kamata yaranmu su iya amsa wannan cikin ladabi: Nazarat ba a Ingila take ba. Mutumin Habasha ya karɓi baftisma tun a Ayyukan Manzanni sura 8, masarautar Aksum ta Habasha kuma ta karɓi bangaskiya a ƙarni na 4, tun kakannin Ingilishi suna bauta wa gumaka. Kalmar Triniti ma, wadda ba ta cikin Littafi Mai Tsarki amma tana taƙaita koyarwarsa, mutumin Afirka ne ya fara rubuta ta da Latin, wato Tatuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wajen shekara ta 200.

Da yawa daga cikinmu jikokin Maguzawa ne, wasu kuwa suna jin kunyar sunan. Masana harshe da dama suna danganta shi da Majusu na Larabci, wanda asalinsa sunan malaman addinin Farisa ne. Wannan kalma ce Matiyu ya yi amfani da ita a sura 2 ga masanan nan na gabas da suka bi tauraro. Idan haka ne, masu irin sunan kakanninmu suna cikin na farko daga al'ummai da suka durƙusa a gaban Almasihu. Ina abin kunya a nan?

Katolika, ikilisiya, coci

Yanzu mu zo kan kalmomin da suka fi kawo rashin fahimta a tsakaninmu. Katolika daga katolikos ne na Helenanci, ma'anarsa abin da ya game ko'ina, na dukan duniya. Wanda aka fara samun kalmar a rubutunsa game da ikilisiya shi ne Ignatiyus, shugaban ikilisiyar Antakiya, cikin wasiƙarsa zuwa ga masu bi na Simirna wajen shekara ta 110. Tana cikin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, tana kuma cikin wadda aka fara a Nikiya a 325 aka kammala a Kustantiniya a 381. Anglikan da Lutheran da wasunsu suna karanta waɗannan har yau. Wasu ikilisiyoyi sukan sa "ta dukan duniya" a maimakon kalmar, ma'anar kuwa ba ta sāke ba. Don haka mai bi da ya ji kalmar katolika cikin shaidar bangaskiya ya rufe bakinsa, yana ƙin abin da shi ma ya gaskata ne.

Furotesta kuma daga ƙin amincewar da wasu sarakunan Jamus suka yi ne a taron Speyer a 1529, shekara 12 bayan Martin Luther ya fito da batutuwansa 95 a 1517. Suna ne na tarihi, ba zagi ba.

Ikilisiya daga ekklesiya ne, taron mutanen da aka kira su fito. Ba kalmar addini ba ce da farko, gama a Ayyukan Manzanni sura 19 da ita aka kira taron mutanen birnin Afisa da suka yi hargitsi. Coci daga Turanci muka aro, shi kuma daga wata kalmar Helenanci mai nufin abin da yake na Ubangiji. Majami'a daga Larabci ne, tushe ɗaya da jama'a da Juma'a. Ku lura, 'yan'uwa, ikilisiya mutane ne. Wannan ta'aziyya ce ga waɗanda suka daɗe suna neman fili ko izinin gini ba su samu ba. Masu bi goma a ƙarƙashin darbejiya ikilisiya ce cikakkiya.

Mas, Yukaris, sakramenti

Mas daga missa ne na Latin, kalmar sallama da ake rufe sujada da ita, tushe ɗaya da mishan, wato aike. Ana sallamar jama'a su tafi da abin da suka karɓa. Wanda yake ganin kalmar Mas ƙazanta ce, bari ya sani kowace Disamba yana faɗinta, gama Kirsimeti ma'anarsa Mas na Kristi. Dā da Latin ake yin Mas a yawancin wurare, sai Taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe hanya a yi shi da harshen jama'a. Shi ya sa yau ake yinsa da Hausa.

Yukaris daga yukaristiya ne, wato godiya, domin Ubangiji ya yi godiya kafin ya gutsuttsura gurasar. Mu muna cewa Jibin Ubangiji, jibi kuwa tsohuwar Hausa ce mai nufin abinci. Sakramenti daga Latin ne, rantsuwar da sojan Roma yakan yi cewa ba zai gudu ya bar shugabansa ba. Baftisma daga Helenanci ne, tsoma abu cikin ruwa. Katikis da katikisim daga kalma ce mai nufin koyarwa baki da baki, Luka ya yi amfani da ita a 1:4, Bulus kuma a Galatiyawa 6:6. Luther da kansa ya rubuta katikisim biyu a 1529. Ajin baftisma da muke yi wa sababbin tuba, aikin katikis ne, ko da ba mu kira shi haka ba.

Fada, Fafaroma, firist, fasto

Fada daga Turanci ne, uba ke nan, ba shi da dangantaka da fadar sarki balle faɗa. Wasu sukan kawo Matiyu 23:9 su ce an hana kiran mutum uba. Gaskiya ne ayar tana nan, amma ayoyin da suke kewaye da ita sun haɗa har da malam da shugaba, mu kuwa muna cewa Malam ga mai bishara, muna cewa Baba Fasto da Baba Rabaran. Bulus ma ya kira kansa uban Korintiyawa cikin bishara a 1 Korintiyawa 4:15. Abin da Ubangiji ya tsauta a kai shi ne son girma, wannan cuta kuwa ba ta san ɗarika ba.

Fafaroma shi ne Papa na Roma, papa kuwa baba ne da Helenanci. Tun ƙarni na 3 ake kiran shugaban ikilisiyar Iskandariya ta Masar da wannan suna, Kibɗawa suna yi har yau. Bishop daga episkopos ne, mai lura ko mai kula. Dikon daga diyakonos ne, mai hidima, irin wanda yake raba abinci. Fasto Latin ne, makiyayi, aikin da kowane yaro a ƙasar nan ya san wahalarsa, rana da ƙaya da ƙishirwa. Firist kuwa mun aro daga Turanci, Turanci ya gajarta shi daga presbuteros, wato dattijo. Ashe dattijon ikilisiyarmu da firist na Katolika sunansu daga kalma ɗaya ya fito. Babu ko ɗaya cikin sunayen nan da yake nufin mai mulki. Dukansu sunayen aiki ne. Shugaban da ya san ma'anar sunansa zai rage ɗaga kafaɗa.

Kada kuma wani ya ce Katolika ta baƙi ce daga kudu. Jihar Jigawa tana ƙarƙashin Dayosis na Kano, wanda ya zama cikakken dayosis a 1999. A 2023 aka kafa Dayosis na Katsina maƙwabtanmu, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan Malumfashi, bishop na farko. Kamar yadda aikin SIM a Roni ya haifi masu bi 'yan ƙasa, haka su ma suna da nasu 'yan ƙasa.

Inda muka bambanta da gaske

Kada a ji mu a karkace. Ba muna cewa sanin asalin kalma yana share bambancin koyarwa ba. Katolika suna da sakramenti bakwai: baftisma, tabbatarwa, Yukaris, furta zunubi, shafe marasa lafiya da mai, naɗin masu hidima, da aure. Yawancinmu biyu muke riƙe da su. Suna koyar da cewa gurasa da ruwan inabi suna zama ainihin jiki da jinin Almasihu, da yawa cikinmu kuwa muna ɗaukarsu abin tunawa. Mun bambanta a kan ikon Fafaroma, da roƙo ta wurin tsarkaka, da baftismar jarirai, ko da yake a wannan na ƙarshe Anglikan da Lutheran suna tare da su. Waɗannan manyan al'amura ne, kowa kuwa ya tsaya a kan abin da lamirinsa ya gamsu da shi daga Maganar Allah.

Amma akwai bambanci tsakanin ƙin yarda da koyarwar mutum da yi masa ƙage. Sau da yawa mukan ji ana cewa Katolika suna bauta wa Maryamu. Koyarwarsu a rubuce ta raba tsakanin sujada, wadda ta Allah ce kaɗai, da girmamawa, tun taron Nikiya na biyu a 787. Muna iya cewa a ganinmu girmamawar ta wuce iyaka, amma ba mu da izini mu sa musu abin da ba su ce ba. Haka kuma lakabin nan Uwar Allah, wanda yake da nauyi a kunnen Bahaushe, daga Teyotokos ne na taron Afisa a 431. Ba a nufin Maryamu ta riga Allah kasancewa. Nufin shi ne wanda ta haifa Allah ne da gaske tun daga ciki. Magana ce a kan Yesu kafin ta zama magana a kan Maryamu. Ɗan Katolika da bai iya bayyana wannan ga maƙwabcinsa ba zai jawo mana duka rashin fahimta, haka ma ɗan ECWA da bai iya bayyana cewa Ɗan Allah ba haihuwa ta jiki ake nufi ba.

Haka batun littattafai. Namu 66 ne, nasu 73. Bakwai ɗin nan, wato Tobit, Judit, Hikima, Sirak, Baruk da Makabiyawa biyu, suna cikin tsohuwar fassarar Helenanci ta Tsohon Alkawari wadda masu bi na farko suka karanta. Ba sa cikin jerin Ibrananci, shi ya sa Jerom ya bambanta su, mu ma ba ma kafa koyarwa a kansu. Amma Luther ya buga su a tsakiyar fassararsa ta 1534, fassarar Sarki Yakubu ta Ingila ta 1611 ma haka. Sai a 1826 ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta yanke shawarar daina buga su. Wanda ya ce jiya-jiya aka ƙirƙiro su bai faɗi daidai ba. Dokar da ta hana shaidar zur, Fitowa 20:16, ba ta keɓe 'yan wata ɗarika ba.

'Yan'uwanmu Katolika su ma muna roƙonsu su tuna cewa a 1964 Taron Batikan na Biyu ya amince cewa waɗanda aka yi musu baftisma cikin sunan Almasihu a wasu ikilisiyoyi Kirista ne, 'yan'uwa ne kuma. Bai dace a ci gaba da duban sauranmu kamar 'yan tawaye marasa uba ba.

Ga masu cewa wannan aikin 'yan makaranta ne

Wani dattijo zai ce, iyayenmu ba su san Helenanci ba, amma sun riƙe bangaskiya cikin tsanani fiye da mu. Wannan gaskiya ne, ba kuwa da sanin asalin kalma ake samun ceto ba. Amma iyayenmu ba su rayu da waya a hannu ba. Yaron yau kafin ya kwanta ya saurari masu wa'azi iri-iri a Facebook da WhatsApp, wani yana ce masa sunan Allah haram ne gare shi, wani yana ce masa an sāke Littafinsa, wani yana ce masa ɗarikar mahaifiyarsa ta Dujal ce. Idan bai sami amsa a gida ba, zai karɓi ta waje. 1 Bitrus 3:15 ya umarce mu mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu, cikin tawali'u da ladabi.

Sanin nan kuma yana ƙara wa sujada daɗi. Ku ɗauki Amin. Daga tushen Ibrananci ne mai nufin abin da ya kafu, abin dogara. Ɗan'uwan wannan tushe a Larabci shi ya ba Hausa amana, da aminci, da amini, da imani, har da sunan Aminu da Amina. Mai cewa Amin yana cewa na amince, na sa hannu. Wanda ya san haka ba zai ce Amin yana gyangyaɗi ba. Halleluya umarni ne ga jama'a su yabi Ubangiji. Hosanna roƙon ceto ne daga Zabura 118. Linjila ta bi ta Larabci daga yuwangeliyon na Helenanci, labari mai daɗi, daidai da bishara. Tuba 'yar'uwar kalmar Ibrananci ce mai nufin juyowa, kamar wanda ya ɓace hanya ya komo. Asabar ma daga Shabbat ne, ranar hutu, Lahadi kuwa rana ta ɗaya, ranar tashin Ubangiji. Kowane Bahaushe yana ɗauke da waɗannan a bakinsa.

Abin da muke roƙo

Na farko, kowane fasto da mai bishara da katikis ya ware minti biyar kowace Lahadi ya bayyana kalma ɗaya. A shekara an sami kalma 52, ba kuwa sai an kashe ko kwabo ba.

Na biyu, ƙungiyar CAN, wadda tun kafa ta a 1976 Katolika suke cikinta tare da sauranmu, ta shirya zama a matakin ƙaramar hukuma ko da sau biyu a shekara, bayan girbi da kafin shuka. Kowace ɗarika ta bayyana kalmominta da bakinta, sauran su yi tambaya. Ba mahawara za a yi ba. Matambayi ba ya ɓata.

Na uku, idan maganar aure ta taso tsakanin 'ya'yan ɗariku biyu, dattawa su kira fasto da fada su zauna tare da iyaye tun da wuri, a faɗa wa yaran gaskiyar abin da kowane gefe yake bukata game da ɗaurin aure da baftismar 'ya'ya. Ƙi ko yarda ya zama a kan sani, kada ya zama a kan jita-jita.

Na huɗu, mu riƙe Hausa cikin sujada. Ba mu ƙi Turanci ba, yaranmu su koye shi sosai. Amma wa'azin da tsohuwa ba ta gane ba, wa aka yi wa? Kowane gida ya yi ƙoƙari ya mallaki Littafi Mai Tsarki na Hausa, a riƙa karanta shi da dare yara suna ji. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na biyar, mu tsare bakinmu a kan bagade. Kada sunan wata ɗarika ya zama abin ba'a a wa'azi, kada kuma a zagi addinin maƙwabta. Magana zarar bunu ce, mu kuwa a gari ɗaya muke kwana.

'Yan'uwa, mu kaɗan ne a ƙasar nan, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka riga mu sun sha wahala kafin su sa Maganar Allah cikin harshenmu. Namu aikin shi ne mu san abin da muke faɗa, mu koya wa na bayanmu, mu kuma faɗi gaskiya game da juna. Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya tsare ikilisiyarsa a Gwiwa da kewaye, ya ba ƙasarmu salama. Amin.